Martani Kan Raina Hukuncin 'Yan Kallon Zango a Finafinan Ban Tsoro

Ra'ayin da ake yi wa wannan martani ya fito ne daga alƙalamin wani marubuci da ya yi sharhi a kan finafinan ban tsoro masu ƙaramin jari, waɗanda ake ginawa a kan tsofaffin ƙagaggun labaran Turawa, musamman Dracula na Bram Stoker da Frankenstein na Mary Shelley, inda ya yanke hukuncin cewa yabo ko kushen da matasan zangunan Accra irin su Nima da Maamobi ke yi wa waɗannan finafinai ba shi da wani nauyi a ma'aunin nazari, tun da yake mafi yawansu ba su taɓa buɗe littattafan ba, balle su san abin da aka rage ko aka ƙara. A ganinsa baddalawa, wato ɗauko labari daga wata siga a zuba shi a wata, kamar daga littafi zuwa fim, amana ce da ba a sauke ta sai da kuɗi mai yawa da kayan aiki na zamani, saboda haka duk wanda ya ji daɗin fim ɗin da aka harhaɗa da ɗan abin da ke aljihu, ɓarna ce ta burge shi bai sani ba. Akwai gaskiya a zancensa ta fuska guda, domin da yawa daga cikin irin waɗannan finafinai an yi su ne da gaggawa da sakaci, amma ginshiƙin da ya ɗora hukuncinsa a kai ba ya tsayawa idan aka gwada shi da tarihin su littattafan da yake karewa, ko da tarihin mutanen da yake rainawa.

Abin da ya kamata a fara tambaya shi ne, wane Dracula ne marubucin yake kishi a kansa. Littafin Stoker, wanda ya fito a 1897, an tsara shi ne da wasiƙu da kundin ajiyar bayanan yau da kullum da yankakkun labaran jarida, har da maganganun wani likita da ya ɗauka a na'urar ɗaukar murya ta wancan zamani, kuma a cikinsa Dracula yana yawo a titunan Landan da rana tsaka, ƙarfinsa ne kawai ke raguwa. Maganar cewa hasken rana na halaka mai shan jini, wadda a yau ko yaron da ke kallo a wayar yayansa ya haddace ta, ta samo asali ne daga Nosferatu, fim ɗin da F. W. Murnau ya yi a Jamus a 1922 ƙarƙashin wani ƙaramin kamfani mai suna Prana, wanda bai sayi haƙƙin mallakar littafin ba, sai ya sauya sunaye, Dracula ya koma Orlok, aka kuma ɗauke labarin daga Ingila aka kai shi wani gari na Jamus. Florence, matar marigayi Stoker, ta kai ƙara, kotu ta yanke a 1925 cewa a lalata duk kofen fim ɗin, kamfanin kuwa tuni ya karye, sai dai wasu kofe sun tsira, kuma su ne a yau ake koyarwa da su a jami'o'i. Haka abin yake ga Frankenstein na 1818, wanda halittar da ke cikinsa mai fasahar magana ce, ta karanta littattafai, tana kuma muhawara da wanda ya ƙera ta a kan haƙƙin da take bin sa. Siffar ƙaton nan mai faffaɗan kai da ƙusoshi a wuya, wanda ba ya iya haɗa jimla, aikin fim ɗin James Whale ne na 1931 wanda Boris Karloff ya fito a ciki. Ke nan rabin abin da masu ilimin boko ke ɗauka shi ne asali, 'yan fim ne suka ƙirƙiro shi, wasunsu ma da hannun sata, kuma mai sharhin da ke zargin yaron Nima da rashin sanin asali zai yi wuya a ce shi kansa hoton da ke ransa daga shafin littafi ya zo.

Batun kuɗi ma bai fi wannan ƙarfi ba, domin fim ɗin ban tsoro tun tasowarsa sana'ar masu ƙaramin jari ce. Kamfanin Hammer na Ingila ya yi nasa Dracula a 1958 da kimanin fam 81,000, Terence Fisher ya ba da umarni, Christopher Lee da Peter Cushing suka ja ragama, kuma saboda ƙarancin kuɗi aka cire tafiyar jirgin ruwa zuwa Ingila, aka cire rikiɗar Dracula zuwa jemage, aka tattara labarin a yanki guda; abin da ya saura shi ne labari mai sauri wanda ya ƙare da fizge labule da haɗa mazaunin kyandir biyu su ba da siffar gicciye, kuma wannan ƙarshen ya fi zama a zukatan masu kallo fiye da na littafin. A Amurka, kamfanin RKO ya ɗora wa Val Lewton sharaɗin kada fim ya wuce dala 150,000, ya kuma riƙa ba shi take kafin a rubuta labari, amma da wannan ƙunci ya fitar da I Walked with a Zombie a 1943, wanda ya aro ƙashin bayansa daga Jane Eyre na Charlotte Brontë ya kai shi wani tsibiri na yankin Karibiyan, ya kuma koya wa na baya cewa inuwa da sautin tafiya sun fi dodon roba tsoratarwa. Roger Corman ya ɗauki House of Usher a 1960 cikin kwana 15 daga gajeren labarin Edgar Allan Poe. Rashin kuɗi na tilasta wa mai fim ya zaɓi abin da ya fi muhimmanci a labari ya bar saura, kuma ingancin wannan zaɓi shi ne abin da ake aunawa, wanda kuwa ɗan kallo na iya auna shi ko bai san farashin kyamara ba.

Abin mamaki shi ne a ji wannan ƙorafi daga bakin wanda ke rubutu da Hausa, alhali rubutaccen zube na Hausa da baddalawa ya tsaya da ƙafafunsa. Magana Jari Ce, wanda Abubakar Imam ya fitar a juzu'i 3 tsakanin 1937 da 1939, ya kwaso labarai daga Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin 'yan'uwa Grimm na Jamus da labaran Indiya na aku mai ba da labari, ya tuɓe musu kayansu ya sanya musu rawani da babbar riga, kuma babu wanda ya taɓa cewa ɗalibin Katsina ba shi da ikon yabon labarin don bai karanta na Jamusanci ba. Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa daga gwarzon Rashawa Ilya Muromets aka samo shi. Su kuwa mutanen zango ba baƙi ba ne a fagen labarin tsoro, domin fataken goro da suka kafa zanguna daga Salaga zuwa Kumasi har gaɓar teku, musamman bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 ya warwatsa su, sun taho da tatsuniyoyinsu na Dodo da mayu da aljanu. Littafin tatsuniyoyi da al'adun Hausa da R. S. Rattray ya buga a 1913 a juzu'i 2, wani malami mai suna Malam Shaihu ne ya rubuta shi da ajami a Ghana, wadda a lokacin ake kira Gwalkos. Jikokin mutanen da suka saba jin yadda Dodo ke kwaikwayon muryar uwa don a buɗe masa ƙofa sun san ƙa'idojin labarin tsoro tun kafin su ga allon silima: sun san cewa dole a gindaya sharaɗi, dole wani ya karya shi, dole kuma sakamako ya biyo baya daidai da abin da aka faɗa tun farko.

Nima kanta, wadda aka kafa a farkon shekarun 1930 lokacin da Malam Amadu Futa ya sami fili daga iyalin Odoi Kwao, ta daɗe da zama unguwar masu kallo. Silimar Dunia da ke cikinta ta yi suna da finafinan Indiya, kuma Indiyawa su ma gwanaye ne wajen wannan aro: Bees Saal Baad na 1962 ya jingina da labarin Sherlock Holmes na karen Baskerville, 'yan'uwa Ramsay kuma suka shafe shekarun 1970 da 1980 suna fitar da finafinan tsoro masu arha, har suka kai ga Bandh Darwaza na 1990, wanda Dracula ne da harshen Hindi da waƙa da rawa. Bayan juyin mulkin Jerry Rawlings na 31 ga Disamba 1981, dokar hana fita da dare da ta daɗe tana aiki ta karya kasuwar manyan gidajen silima, waɗanda da yawansu daga baya suka koma majami'u, sai kallo ya koma ƙananan ɗakunan bidiyo na unguwa, inda akwatin talabijin guda da na'urar kaset da benci suka wadatar, da kuma masu yawo da janareto daga gari zuwa gari. Su ne suka haifar da shahararrun fostocin Ghana da ake zanawa da fenti a kan buhunan fulawa da aka ɗinke, aikin masu zane irin su Joe Mensah da Leonardo da Heavy J, waɗanda sau da yawa ba su ga fim ɗin ba kafin su zana shi, suna ƙara kawuna da haƙora da jini gwargwadon abin da suka san zai ja mutane, kuma Ernie Wolfe ya tattara su a littafinsa Extreme Canvas a 2000. A cikin wannan yanayi ne William Akuffo ya ɗauki Zinabu a 1987 da kyamarar bidiyo ta gida, labarin wani talakan makaniki da wata kyakkyawar mayya mai dukiya ta azurta bisa sharaɗin kada ya kusanci mace, kuma wannan fim na cikin waɗanda suka buɗe ƙofar masana'antar bidiyo ta Ghana, shekara 3 kafin Turmin Danya na Kano, shekara 5 kafin Living in Bondage na Najeriya. Al'ummar da ta shafe fiye da rabin ƙarni tana kallon tsoron Indiya da na Amurka da na Hong Kong da na gida a ɗaki ɗaya tana da abin kwatance da ya fi na mai sharhin da ya karanta littafi guda yawa.

Inda marubucin ya fi yin kuskure shi ne wajen fahimtar abin da 'yan kallon ke gardama a kai idan fim ya ƙare, domin ya ɗauki muhawararsu a matsayin surutun jahilci, alhali ita ce ainihin aikin fassara. Musulmin Nima ya tashi da aƙidar cewa wanda ya mutu ba ya dawowa duniya, saboda haka gawar da ke tashi daga akwati da dare ba ta da gurbi a tunaninsa sai ya nemo mata, kuma a nan ne ra'ayoyi ke rabuwa. Wani zai ce aljani ne ya shiga siffar mamacin, kamar yadda malamai ke bayyana abin da jama'a ke kira fatalwa. Wani zai ce ai wannan maye ne, tun da wanda ya kama yakan rame ya ɗashe a hankali har ya mutu, kamar wanda aka kama wa kurwa, kuma cutar na yaɗuwa daga mutum zuwa mutum kamar yadda ake cewa ana ba da ƙanƙarar maita. Unguwar kuwa ba ta Hausawa kaɗai ba ce, akwai Dagomba da Kotokoli da Zabarmawa da Mosi da Fulani da Wangarawa, ga maƙwabta Ga da Ewe da Akan, don haka ba a rasa wanda zai kawo adze na Ewe, wanda ke rikiɗa ya zama ƙwaron nan mai walƙiya da dare ya shiga ɗaki ya sha jini, ko obayifo da sasabonsam na Akan. Wannan aunawa ta wata halitta ta ƙage da ma'aunai uku ko huɗu a zama ɗaya ita ce abin da masana ke kira nazarin kwatance, kuma bambancin kawai shi ne ana yin ta a bakin shagon mai shayi da Hausa gauraye da Twi.

Daga nan sai gardama ta koma kan magani, wanda shi ne wurin da littafin Stoker ya fi nuna cewa ɗan wata ƙasa ne da wani addini. Makaman Van Helsing su ne gicciye da tafarnuwa da gurasar ibada ta cocin Katolika, kuma ɗan kallo Musulmi na da cikakkiyar hujja idan ya tambaya ko mai shan jinin zai tsaya a gaban wanda ya karanta Ayatul Kursiyyu ko Falaƙi da Nasi, ko kuwa tsarinsa na Kirista ne kawai. Tambayar ba ta wasa ba ce, domin masu fim a ƙasashen Musulmi sun yi karo da ita: Turkiyya ta fitar da Drakula İstanbul'da a 1953, wanda aka gina a kan baddalawar da Ali Rıza Seyfi ya yi wa littafin a 1928, aka kawo Dracula birnin Istanbul, Pakistan kuma ta yi Zinda Laash da harshen Urdu a 1967, inda wani farfesa ne mai neman maganin dawwama ya sha abin da ya haɗa ya koma mai shan jini, wato aka raba labarin da tushensa na coci aka jingina shi da kimiyya. Abin da waɗannan masu fim suka warware da kyamara shi ne abin da ɗan Maamobi ke warwarewa da baki. Kuma hukuncin da ya fi yankewa mai tsauri ne, domin yakan yafe jinin da kowa ya ga jan fenti ne da haƙoran da ke neman faɗowa, amma ba ya yafe fim ɗin da ya ce dodonsa ba ya shiga gida sai an gayyace shi sannan a tsakiyar labari a gan shi ya faɗo ta taga. Wannan kuwa ƙa'ida ce da ke cikin littafin Stoker, kuma ɗan kallon ya kare ta ba tare da ya san shafin da take ba, saboda tatsuniya ta riga ta koya masa cewa sharaɗi ba ya tashi don mai ba da labari ya gaji.

Dariyar da ke tashi a ɗakin kallo ita ma marubucin ya fassara ta a karkace, ya ɗauke ta alamar cewa mutanen ba su san abin da suke kallo ba. Kallo a zango aikin taro ne, ana yi wa jaruma ihu kada ta buɗe ƙofa, ana tsine wa wanda ya bar abokansa ya shiga duhu shi kaɗai, mai jin Turanci ko Hindi na fassara wa na kusa da shi yana ƙara gishiri, kuma wanda ya fi kowa dariya sau da yawa shi ne zai nemi abokin rakiya idan za a ratsa lungu a koma gida.

Akwai kuma wani suka da 'yan kallon zango ke yi wanda ya fi duk abin da marubucin ya kawo kaifi, kuma bai ko ambace shi ba, watakila don ba ya cikin littattafan da ya karanta. Birgit Meyer, a littafinta Sensational Movies na 2015, ta nuna yadda finafinan bidiyo na kudancin Ghana suka ginu a kan tunanin cocin Pentikostal, wato majami'un da ke ba da ƙarfi ga korar aljanu da yaƙi da Shaiɗan, inda labari ke ƙarewa da fasto ya yi nasara a kan matsafi. A irin wannan tsari, mutumin da ake zuwa wurinsa a ɓoye neman kuɗin tsafi sau da yawa yakan fito da jallabiya da carbi da allo, a kira shi malam, kuma tun daga fim ɗin Zinabu na Akuffo sunan mayyar sunan 'yar Musulmi ne, Zainabu. Abin ya ƙara tsanani a wajajen 2008 da 2009, lokacin da kalmar sakawa, wadda Hausa ce daga saka, ta zama sunan damfarar intanet da ake haɗawa da tsafi, jaridu suka riƙa danganta ta da Nima da Maamobi, masu fim kuma suka bi sahu da finafinai irin su Sakawa Boys na Socrate Safo a 2009, cike da akwatunan gawa da macizai masu aman kuɗi, salon da Diabolo na Akuffo ya shahara da shi tun farkon shekarun 1990. Matashin da ke zaune a bencin ɗakin kallo a Nima yana ganin an mayar da malamin da ya koya masa alif da ba dodon labari, ya ji daɗin fim ɗin ta fuskar tsoro, ya kuma ƙi shi ta fuskar abin da yake faɗa a kan unguwarsa, kuma riƙe waɗannan hukunci biyu a lokaci guda ba ƙaramin aikin hankali ba ne. Shi ne ma ya fi kowa cancantar lura da cewa Dracula na Stoker labarin baƙo ne daga gabas, mai baƙon harshe, wanda ya sayi gidaje a Landan ya kawo cuta, domin zuriyar waɗanda dokar korar baƙi ta gwamnatin Busia ta 1969 ta taɓa sun san yadda ake zana baƙo a matsayin annoba.

Abin da za a iya sallama wa marubucin shi ne cewa karanta littafin na ƙara wa mai kallo wani abu da fim ba ya bayarwa, musamman a Frankenstein, inda tambayar alhakin mai ƙira a kan abin da ya ƙera ta ɓace a yawancin finafinai, kuma da za a sami fassarar littattafan nan biyu da Hausa mai daɗi a shagunan Nima da makarantunta, da muhawarar bakin shagon mai shayi ta ƙara faɗi. Haka nan kukansa a kan sauti marar kyau da jan labari a raba shi kashi na 1 da na 2 da na 3 don a sayar da faifai da yawa kuka ne na gaskiya, sai dai 'yan kallon sun riga shi yin sa, kuma nasu ya fi tasiri a kan masu fim, tun da su ne ke biyan kuɗin shiga ko su hana, kuma a kasuwar da ta daɗe ba ta da tallafin gwamnati, musamman bayan sayar da kaso 70 cikin 100 na kamfanin fim na ƙasa ga wani kamfanin Malesiya a 1996, fim ɗin da ɗakunan kallo na unguwanni suka juya wa baya ba ya samun kashi na biyu.